Lamba 4 a Bayan Mota

Sana'ata gyaran injin ban-ruwa, dogon bututun nan mai tafiya a kan tayoyi yana zagaya gona kamar hannun agogo. Bana shekarata ta uku ina yi a tsakiyar jihar Nebraska ta Amurka, kuma rabin kiran da ake mana daga gundumar Custer yake zuwa. A yawancin jihar nan, lambar mota da lambar gundumar mai ita take farawa. Ta Custer 4 ce. Kullum ina ganinta a bayan a-kori-kura ban taɓa kawo komai a raina ba, sai wata rana da muka zauna da wani dattijo manomi a inuwar motarsa, muna jiran abokin aikina ya kawo wani ƙarfe daga gari. Hira ta ƙare, shiru ya yi yawa, sai na nuna lambar na ce masa, me ya sa huɗu?

Ya ce a 1922 aka yi rabon, kuma yawan motocin da aka yi wa rajista aka bi. Gundumar da birnin Omaha yake ta ɗauki 1, ta Lincoln babban birnin jiha ta ɗauki 2, Gage 3, sai su. Cikin gunduma 93.

Na miƙe na duba gabas, na duba yamma. In ka cire ni da shi da karensa, babu abin da ke motsi sai wasu baƙaƙen shanu can kan tudu. Na ce masa, to ina mutanen? Ya yi dariya, ya buga dunduniya a ƙasa, ya ce wasu suna nan, jikokinsu kuma suna birni.

Da dare na kasa barin maganar, na buɗe alƙaluman ƙidaya. A 1880 mutum 2,211 aka ƙirga a gundumar. Bayan shekara goma, 21,677. Ba kuskuren rubutu na yi ba, kusan ninki goma ne cikin shekara goma. A 1920 ta kai 26,407, daga nan kuwa ba ta sake hawa ba ko sau ɗaya: 19,170 a 1950, 12,270 a 1990, 10,545 a 2020. Gundumar Sarpy da ke gefen Omaha, wadda a wancan rabon ta tashi da lamba 59, yau ita ce ta uku a yawan jama'a.

Sai na yi wani ɗan lissafi a bayan takardar aiki. Faɗin Custer murabba'in mil 2,576 ne, ba wadda ta fi ta a jihar sai Cherry. Kowane murabba'in mil eka 640 ne, gwamnati kuma ta tsaga shi huɗu, eka 160 ga kowane magidanci. In ka ninka, gona wajen 10,300 ke nan. Ba duk filin aka raba haka ba, akwai wanda aka ware wa makarantu da wanda aka sayar, amma dai ga gonaki 10,300 ga mutane 10,545, da jariri da tsohuwa da kowa. Filin da aka auna don mutum da matarsa da 'ya'yansa, yau kai ɗaya ne a kansa. Kan ɗin ma kashi ɗaya cikin uku yana zaune a garin Broken Bow, hedkwatar gundumar, bai san inda ake kunna tarakta ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne injin da nake ci da shi. Tsawon hannunsa rubu'in mil ne, an ƙera shi daidai da eka 160 ɗin nan. Yana jiƙa wajen eka 130, kusurwoyi huɗu su tsira a bushe. Duk koren da'irar da mutum ya hango ta tagar jirgin sama, gonar iyali guda ce a lissafin da. Dattijon nan da ɗansa irin su goma sha ɗaya suke da su, kuma daga wayar hannu suke kunna su.

Kafin a zo da igiyar awo, filin na farautar 'yan asalin ƙasar ne. Ƙabilar Pawnee garuruwansu na can ƙasa a bakin kogin Loup, inda suke gina manyan ɗakuna masu zagaye su lulluɓe su da ƙasa, su yi noman masara, lokacin farautar ɓauna su hauro yamma. Sunan kogin ma nasu ne a fakaice: Faransawa suka fassara sunan wani reshe nasu mai laƙabin kyarkeci. An karɓe ƙasar ta hanyar yarjejeniya, a tsakiyar shekarun 1870 aka kwashe su zuwa inda yau ake kira Oklahoma. Da aka kafa gundumar a 1877, sai aka raɗa mata sunan George Custer, hafsan sojan da mayaƙan Lakota da Cheyenne suka kashe shekara ɗaya kafin nan. Hedkwatar kuwa, ma'anar sunanta karyayyen baka, don wani baka da aka tsinta a tsohon zangon mutanen da aka kora. Ban taɓa jin wani a garin ya haɗa waɗannan sunaye biyu a magana ɗaya ba.

Masu shanu suka fara shigowa, da garkuna daga Teksas, suna kiwo a filin gwamnati ba shinge ba haya. Su suka kafa gundumar, kotunsu ta farko ma ɗakin gungume ne a wani wurin kiwo, yana nan har yau an mayar da shi garin Callaway. Da manoma suka fara kafa turaku a bakin ruwa, abin da ake tsammani ya faru. A Disambar 1878 wani babban mai shanu, Print Olive, da yaransa suka kama manoma biyu, Luther Mitchell da Ami Ketchum, bayan rikicin da ƙanin Olive ya mutu a ciki. Suka rataye su, aka tsinci gawarwakin a ƙone. An yanke wa Olive ɗaurin rai da rai, bai cika shekara biyu ba kotun ƙoli ta jiha ta soke hukuncin. Abin da kotu ta kasa, sanyin 1880 zuwa 1881 ya yi: dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa wata da watanni, shanu suka mutu dubbai, masu garke da yawa suka tattara nasu ya nasu.

Dokar da ta jawo manoman ita ce wadda shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862. Duk magidanci ko wanda ya kai shekara 21, mace ko namiji, har da baƙon da ya bayyana niyyar zama ɗan ƙasa, zai iya zuwa ofishin filaye ya rubuta sunansa a kan eka 160. Sharaɗi shi ne ya gina wurin kwana, ya noma, ya zauna shekara biyar. Kuɗin takardu gaba ɗaya dala 18. Wata dokar ta 1873 ta ƙara wa mutum wata eka 160 in zai dasa itatuwa. Daga Iowa da Illinois da Ohio suka yi ta kwararowa, ga Jamusawa da mutanen Suwidin da Bohimiya, ga waɗanda aka haifa cikin bauta a kudu. Masu tallar filaye, har da wani malamin jami'a, suna ta yaɗa cewa ruwan sama garma yake bi, wai da zarar an fasa ƙasa damina za ta ƙaru. Aka yi dace shekarun 1880 suka zo da ruwa, kowa ya ce ai ga shi nan.

Abin da ya tarye su shi ne babu itace, babu dutse. Ciyawa ce iya ganinka. Akwai itacen sida a cikin kwazazzabai, amma na kusa waɗanda suka riga zuwa sun sare, layin dogo kuma bai iso Broken Bow ba sai 1886, balle a yi zancen katako daga gabas. Don rashin uwa ake uwar ɗaki. Sai suka yi gini da abin da suke takawa.

Da yawa da rami suka fara: a sami gefen tudu a haƙa shi ciki, a toshe gaba, a sa ƙofa da bututun hayaƙi. In an sami sarari sai a tada gida sosai. Ciyawar dajin nan da garma ba ta taɓa shiga ba, saiwarta a saƙe take kamar tabarma. Akwai garma ta musamman da ba ta farfasa ƙasa, sai dai ta fere samanta ta kwantar da shi gefe a miƙe, faɗinsa kamar ƙafa ɗaya, kauri kamar inci huɗu. Sai a bi da shebur mai kaifi a yanka guntu-guntu, ƙafa biyu zuwa uku. Shi ne tubalin. Ba a shanya shi, ba a ƙona shi. Wanda aka yanka da safe, kafin faɗuwar rana an ɗora shi, don in ya bushe marmashewa yake yi. Kifa shi ake yi, ciyawa ƙasa saiwa sama, jeri biyu ko uku a kaurin bango, bayan hawa uku ko huɗu a gicciya ɗaya don ya ɗaure ciki da waje. Ɗaki mai ƙafa 16 da 20 yakan cinye kusan eka guda, nauyinsa ya kai tan 90. Da zolaya suke ce masa marmarar Nebraska.

Akwai wata dabara da ta burge ni, ni da nake aikin hannu. Irin wannan bangon zama yake yi, a shekarar farko yakan sauka inci da dama. In ka ɗora shi kai tsaye a kan katakon taga, gilashin da ka sayo da kuɗin da ba ka da su zai tarwatse. Sai su bar tazara a saman tagar, su gicciya itace a can sama ya ɗauki nauyi, su cusa tsumma ko ciyawa a tsakani. Bango na sauka, tsumma na matsewa, gilashi na nan lafiya. Wani ne ya fara asarar tagarsa kafin sauran su koya.

Rufi shi ne ciwon kai. Mai hali ya sa katako da takardar kwalta. Marar hali ya ɗora gungumen sida a tsakiya, ya jera sanduna, ya shimfiɗa ƙirare da ciyawa, ya danne da wani tubalin. Irin wannan rufin, in an yi ruwa kwana ɗaya a waje, a ciki sai ya kwana biyu yana ɗiga. Mata kan kafa akoko a ƙarƙashinsa don tare ƙasa da ɓeraye, wani lokaci har maciji. Makamashi kuwa kandilo ne, da totuwar masara, da ciyawar da ake murɗawa kamar igiya. Ruwan sha ma aiki ne: wanda filinsa ya faɗo a kan tudu, sai ya yi tafiyar mil da mil da ganguna a keken doki, kafin ya iya biyan mai haƙa rijiyar da za ta nutsa ƙafa ɗari biyu ko fiye.

Amma kada a raina ɗakin. Gobarar daji ba ta cin bangonsa, iska ba ta girgiza shi, da hunturu ɗan murhu ɗaya ya ishe shi. A irin guguwar ƙanƙarar 12 ga Janairun 1888, wadda ta rutsa da yara a hanyar makaranta, mai bangon ƙasa ya fi mai siririn katako kwanciyar hankali.

Gani ya kori ji. Wata Lahadi da zafi na tuƙa zuwa kusa da ƙauyen Comstock, inda gidan ƙasa na iyalin Dowse yake. A 1900 aka gina shi, lokacin da wasu har sun fara jin kunyar irinsa, kuma an zauna a cikinsa har 1959. Rufin katako ne da shi, daga baya aka shafe bangon waje da siminti, shi ya sa ya kai labari. Guguwar da ta share sauran gine-ginen gonar ma ta bar shi tsaye. An bar shi kango fiye da shekara ashirin kafin dangi da mutanen gari su gyara shi ya zama gidan tarihi. Da na shiga, sanyin ɗakin ya fara tarye ni, kamar an buɗe randa. An yaɓe ciki sumul, in ba an gaya maka ba ba za ka ce ciyawa ce a bayan yaɓen ba. Sai a bakin taga asirin ke tonuwa, don zurfinta ya isa yaro ya hau ya zauna ya miƙe ƙafa. Na sa hannu na auna, daga gwiwar hannuna zuwa yatsu bai kai gilashin ba.

Wani ɗan Beljiyam ma, Isadore Haumont, bene ya tayar da wannan tubalin a arewacin Broken Bow a 1884, da kusurwoyi masu zagaye kamar fada. Shi kam ba ya nan, sai a hoto.

Hoton kuwa, da yawancin abin da duniya ta sani game da gidajen nan, aikin mutum ɗaya ne, Solomon Butcher. Ya zo gundumar a 1880, ya karɓi fili kamar kowa, bai jima ba ya gane shi da garma ba sa ga maciji. A 1886 ya sa kyamara a keken doki ya shiga bin gonaki gida-gida, yana ɗaukar hoto yana rubuta labarin masu gida. A 1899 gobara ta cinye gidansa da rubuce-rubucen, amma faya-fayan gilashin suna ajiye a rumbu, suka tsira. Ya sake tattara labarin ya buga littafin tarihin gundumar a 1901. Bashi ya ci gaba da binsa, har ya sayar wa ƙungiyar tarihi ta jihar faya-fayansa sama da dubu uku a kan dala 600. Ya rasu a 1927 yana ganin bai tsinana komai ba.

Na kwashe darare ina kallon hotunan a waya. Kusan duka a waje aka ɗauke su, don ciki babu haske, kuma don mutanen suna so a ga abin da suka tara. Iyalin Rawding sun fito da tebur da kankana a yanke, alfadarai a gefe, ga saniya tsaye kamar a kan rufin, don gidan a jikin tudu yake. 'Yan matan gidan Chrisman su huɗu tsaye da dawakansu, uku daga cikinsu sun sami fili da sunansu. Iyalin Jerry Shores, wanda aka haifa bawa, zaune a ƙofar ɗakinsu a kan ƙasar da ba mai cewa ba tasu ba ce. Wanda ya fi zama mini a rai shi ne na iyalin Hilton. Sun jawo abin kiɗansu mai kama da fiyano har tsakiyar fili, suka jeru a gefensa, dabbobi a baya, gidan kuwa babu shi a hoton sam. Matar gidan ba ta so 'yan'uwa a gabas su ga a ɗakin ƙasa take kwana. Yau mutane na biyan kuɗin mai su zo kallon abin da ita ta ɓoye.

Mutanen nan sun iya ba da labarin kakanninsu da alfahari, kuma sun cancanta. Sai dai ni da nake kallo daga gefe, abin da nake gani shi ne awon tun farko bai dace da ƙasar ba. Eka 160 ta wadatar a Illinois, inda ruwan shekara ya kusa ninka na nan. A nan inci ashirin da 'yan kai ne, wata shekarar ma ba ya kaiwa, arewa maso yammacin gundumar kuma tuddan yashi ne da ciyawa kawai ke riƙe da su. Fari ya zo a 1890, ya dawo da ƙarfi a 1894, iska mai zafi ta ƙone masara a tsaye cikin 'yan kwanaki. Kekunan da suka shigo suka juya gabas, ƙidayar 1900 ta sauka zuwa 19,758. Waɗanda suka rage, fushin bashin banki da kuɗin dakon jirgin ƙasa ya sa suka zaɓi ɗaya daga cikinsu, Omer Kem, manomi mai ɗakin ƙasa da bashi a wuya, suka tura shi majalisar tarayya a 1890. A 1904 gwamnati da kanta ta amsa kuskuren ba tare da ta faɗa ba: dokar Kinkaid ta mayar da rabon yammacin jihar eka 640.

Daga nan aka sami shekaru masu daɗi. Amfanin gona ya yi daraja lokacin yaƙin duniya na ɗaya, jirgin ƙasa ya kawo katako, kowa ya tada farin gida mai hawa biyu da baranda, ya sayi mota. Daidai nan aka yi rabon lambobin. Bayan yaƙin sai faɗuwar farashi, sai fari da ƙurar shekarun 1930, sai tarakta ta zo ta yi aikin 'ya'ya biyar. Maƙwabci ya sayi gonar maƙwabci. Makarantun ɗaki ɗaya da ke warwatse a karkara suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Fararen gidajen katakon suna nan jefi-jefi, fenti ya zube, tagogi a buɗe, itatuwan tare iska sun kewaye su. Na ƙasan kuwa ba sa barin kango. Da an tashi daga cikinsu sai su zama ɗakin kaji ko na maraƙi, rufi ya rufta, shanu su yi ta soshe-soshe a jikin bango, damina biyar shida ta gama sauran. Shi ya sa baƙo zai ratsa gundumar daga Ansley zuwa Arnold ya rantse ba a taɓa cika ta ba.

Da abokin aikina ya iso muka ɗaura ƙarfen, injin ya tashi, dattijon ya ce in shiga motarsa zai nuna mini wani abu. Muka bi gefen gona har kusurwar da ruwan injin ba ya kaiwa. Ya tsaya a wani wuri da ni ban ga komai ba sai ciyawa. Ya ce in durƙusa in duba ta ƙasa-ƙasa, rana na gefe. Sai ga shi: ɗan tudu mai kusurwa huɗu, tsayinsa bai kai idon sawu ba, tsakiyarsa a lotse, gefe ɗaya da giɓi inda ƙofa take. Na taka na ƙirga, taku bakwai a tsaye, biyar a kwance. Ya ce a nan aka haifi kakarsa, su takwas suke kwana a ciki. Ya tona ƙasa da bakin takalmi ya ciro guntun farantin tangaran mai zanen shuɗi, ya goge shi a wando, ya juya shi, ya mayar inda ya ɗauko.

Ya ce ɗansa na so a ƙara wa injin hannu na ƙarshe mai lanƙwasa, wanda ke shiga kusurwa ya jiƙa ta, ya tambaye ni nawa zai ci. Na gaya masa. Ya yi shiru yana kallon hasumiyar ƙarshe mai tayoyi da ke ɗauke da bututun tana tahowa a hankali, tana fesa ruwa, ta wuce mu da tazarar taku ashirin. Ya ce in aiko wa ɗan nasa da lissafin a rubuce, amma ba bana ba.